Makullai Biyu da Sunanki

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Mutanen gida duk lafiya. An yi sadakar arba'in, an naɗe tabarmi, ni kuma na koma aiki.

Har yau ban yi kuka ba, Dada. Ina cin abinci, ina salla, ina amsa gaisuwa, amma ba na jin komai.

Ba ki taɓa gane aikina ba. In matan unguwar Shamaki suka tambaye ki, sai ki ce, "Wancan? Gadin talabijin yake yi." To bari in sake gwada yi miki bayani, tunda yanzu babu tukunya a wuta da za ki tashi ki duba.

A can cikin kwamfuta akwai manhajar da ke tuƙa komai, kanel muke ce mata. A cikinta akwai sashen da ke jera saƙonni a layi kafin a rubuta su a faifan ajiya. A nan matsalar ta ɓullo. Injinan kamfanin da nake wa aiki daga ɗakina a Nasarawo suka riƙa tsayawa cak. Ba mutuwa suke yi ba. Fitila na ci, fanka na juyawa, amma ko harafi ɗaya ba ya isa faifai, kuma ba sa ƙorafi. Na gane halin, don haka nake tun ranar da muka dawo daga maƙabarta.

Da na bi sawu sai na tarar da ayyuka biyu sun yi cirko-cirko. Ɗaya ya tsayar da layin don ya sauya tsarin jerawa, sannan ya nemi wani makulli. Ɗayan ya riga ya riƙe makullin, yana jiran a buɗe layi ya wuce. Na karanta kowannensu shi kaɗai, ban ga laifinsa ba. A wajen aiki dedlok ake cewa. Ni da na gani, cewa na yi kara suke yi wa juna.

Ni ne ɗanki na fari, don haka ba ki taɓa kama sunana ba. Ko ranar da na faɗo daga bishiyar darbejiya na karya hannu, ƙanwarki Goggo kika tura ta ɗauke ni, ke kika ci gaba da tankaɗe. Sai da na girma ta gaya mini garin duk a ƙasa ya zube.

A asibiti, ranar ƙarshe, kin kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ni ina bakin ƙofa riƙe da fulas, ina jiran ki ce wancan ya shigo. Goggo ta ce idonki na kan ƙofar, kina jiran in shigo da kaina. Kin yi abin da aka koya miki, ni ma na yi abin da kika koya mini.

Gyaran injin bai yi yawa ba. Ban cire makulli ko ɗaya ba, doka kawai na kafa ta wanda zai fara: duk mai son tsayar da layi sai ya karɓi makullin tukuna. Masu kula da sashen suka duba suka amince. Abokan aiki suka yi ta yi mini barka, na amsa kamar yadda nake amsa ta'aziyya.

Abin da ya sa na ɗauko wannan wasiƙa takwararki ce, 'yata Ummi. Tun rasuwarki, in ta dawo daga Islamiyya sai ta tsaya a bakin ƙofata da jakarta. Ba ta shigowa, ni kuma ba na kiranta. 'Yar fari ce, ga shi sunanki ne da ita, ta ina zan fara? In ta gaji da tsayuwa ta juya.

Jiya da la'asar ina gwajin ƙarshe, na hango inuwarta a gilashin kwamfuta. Ban juyo ba. Na ce, "Asma'u, shigo."

Ba ta shigo nan take ba. Waiwayawa ta yi ta dubi tsakar gida, daidai inda kike shimfiɗa tabarma lokacin da kike jinya a wurinmu. Ta daɗe tana duban wurin, sannan ta ce, "Baba, ni?" Na ce ke. Ta shigo ta zauna kusa da ƙafata, ta tambaye ni me nake kallo a talabijin ɗin.

Ki yafe mini kama sunanki da na yi, Dada. Wani dole ya fara.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya haɗa mu a inda babu mai tsayuwa a bakin ƙofa. Amin.

Ni ne wancan, mai gadin talabijin. In kin ga dama ki faɗi sunana a can, babu mai jin ki.

Usmanu