Kwana Goma Sha Ɗaya a Bayan Katin Awo

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya yara, ya maigidan, ya aikin asibiti?

Yau wata bakwai cif rabona da gida. Kin san inda muke fasa dutsen nan waya ba ta shiga, shi ya sa na ba direban tankar ruwa takardar nan, na ce masa hannunki kawai.

Yaya, wata magana ce ta hana ni sakat sati uku ke nan. Matata ta aiko mini da kwafin katin awonta, da murnarta, har ta rubuta a sama wai ga shi in gani ana girma. Na ji daɗi, na sa shi a aljihu ina yawo da shi. Ranar nan tifofi suka yi ƙaranci, ina zaune a ɗakin sikeli, sai na fito da shi ina karantawa. An rubuta ciki sati talatin. Na ɗaga kai na dubi kalandar bango.

Kin sani, kafin zuwana na ƙarshe shekara guda na yi ban taka gida ba, kuma kwana goma kacal suka ba ni. Daga ranar da na sauka daga mota zuwa ranar da aka cika katin nan, sati ashirin da takwas ne da kwana uku. Kwana goma sha ɗaya sun yi rara, kuma a kwanakin nan ina nan ina shaƙar ƙurar dutse. Tifa tamanin nake aunawa kullum, ba a taɓa kama ni da kuskure ba. Na ƙirga daga gaba, na ƙirga daga baya. Ga kwafin nan na haɗo miki, ki juya shi, za ki ga lissafin da fensir.

Ban ce ta yi komai ba. Shekara huɗu muna tare ban taɓa ganin abin ƙi a wurinta ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Amma shekaru tara nake wannan zaman, wasu suna kwana a ɗakinsu ni ina kwana a kwantena da ƙarti shida, kuma kullum hirar ke nan, wane ya koma ya tarar da kaza. Wasiƙunta biyu suna nan ban amsa ba. Ban iya yi mata ƙarya ba, ban kuma iya tambayarta ba.

Ke ce a ɗakin awon, wataƙila ma hannunki ne a katin. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba ta da daɗi. Kada ki tausaya mini.

Na bar ki lafiya. Ƙaninki.

*

Zuwa ga Dogo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe da kawunsu.

Na karanta takardarka a tsaye, sai da na nemi kujera. Tsawo Allah ya ba ka, amma wani lokacin ina rasa inda ya ajiye maka hankalin. Ka ce kada in tausaya maka, to ba zan yi ba.

Ba a ƙirga ciki daga ranar da miji ya sauka daga mota. Babu wanda ya san takamaiman ranar da ciki ya shiga, ko ita matar. Abin da mace za ta iya tunawa shi ne ranar da ta fara al'adarta ta ƙarshe, to daga nan muke soma ƙirgawa, sati arba'in. Cikin kuwa yakan shiga ne wajen sati biyu bayan wannan ranar. Ke nan satin farko da na biyu da kake gani a kowane kati, babu kowa a ciki tukuna. Haka yake a katin matar da mijinta bai taɓa kwana a waje ba. Ɗauki fensirinka. Cire kwana goma sha huɗu daga sati talatin, ka ga inda za ka faɗa a kalandar. Kwana na uku da zuwanka. Hoton cikin da aka ɗauka mata da wuri ma abin da ya nuna ke nan.

Yanzu bari ka ji halin da ka bar matarka a ciki. Ƙafafunta suna kumbura da yamma, har silifas ya daina shiga. Ƙwannafi ya sa tana barci a jingine da filo uku. Bayanta yana ciwo, fitsari kamar an buɗe famfo, wani baƙin layi ya fito mata daga cibiya zuwa ƙasa har ta zo mini a tsorace. Duk wannan ba ciwo ba ne, haka ciki yake. A hakan take hawa keken ɗinki, ta ce tana so ta gama kayan mutane kafin ta sauka.

Shekaranjiya bayan na auna ta sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Yaya, don Allah in dutse ne ya faɗo masa kada ku ɓoye mini." Na ce lafiyarka ƙalau, aiki ne. Ka sa na yi ƙarya da farin kaya a jikina.

Ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba. Ka rubuta mata a motar nan da za ta dawo.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Saƙonki ya iso.

Zan faɗa miki abin da na yi, ko da za ki ƙara zagina. Da na karanta ban yarda ba. Na ce ai Yaya ce ta haɗa auren, dole ta rufa. Kwana biyu ina juya maganar har na rubuta wa tifa ɗaya nauyin wata, direban ya yi ta ihu a bakin taga.

Akwai wani tsohon malamin asibiti a sansaninmu, mai ɗinke mana rauni, muna ce masa Baba Allura. Na je na ce wani abokina ne ya shiga damuwa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Abokin naka shi ma a ɗakin sikeli yake?" Ya jawo wani faifan kwali mai zagaye na lissafin ciki daga durowa, ya ce tun yana aiki a ɗakin haihuwa yake ajiye da shi. Ya juya shi, ya nuna mini, abin da kika faɗa ne babu ragi. Sannan ya ce, "Ka gaya wa abokinka, kai ne na biyar da ya kawo mini wannan lissafin a dutsen nan. Ɗaya bai zo ba sai da ya riga ya aika takardar saki." Na fita ban ko yi masa godiya ba.

Kin yi gaskiya, ni ne da laifi. Amma ku ma da naku. Me zai hana ku rubuta a jikin katin yadda kuke ƙirgawa? Kuna cika takarda da lambobi ku miƙa wa mutane, kowa ya je ya fassara da abin da ke ransa.

Na fara rubuta mata sau huɗu ina yagawa. In na yi kamar ba komai, na zama munafuki. In na faɗa, na ɗora mata kaya a kan kaya. Ki ƙara mini sati ɗaya. Kwafin nan kuma don Allah ki ƙona shi.

Kumburin nan da kika ce, har yaushe ne yake zama abin tsoro? Keken ba zai yi mata illa ba? Wa zai kai ta in abin ya taso kina wurin aiki? Na kasa zama wuri ɗaya, ko hutun rabin rana sai in tashi in zagaya tulin tsakuwa in dawo.

Na gode. Ƙaninki.

*

Zuwa ga Dogo,

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta. Kowa lafiya, wannan shi ne na farko.

Ka ce mu ma da namu laifin. To ga nawa, ya fi wanda ka zata. Shekara goma sha bakwai hannuna ya saba, duk takardar da na gani da lambar kati a jiki, fayil ɗin mai ita take shiga. Ranar da wasiƙarka ta farko ta zo mata sittin ne a layi. Na ninke wasiƙar na sa a jaka, kwafin kuwa na maƙala shi a fayil ɗin matarka ban ma san na yi ba. Da ka ce in ƙona, na zazzage jakata ban gan shi ba. A wurinmu kuma mace ita ke ɗaukar fayil ɗinta daga teburin sikeli zuwa teburin awon jini. Ranar awonta a kan benci ta buɗe, ta ga kwafin da ta aiko maka, ta juya, ta ga lissafinka.

Da ta iso gabana jininta ya hau. Na tambaye ta ciwon kai, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, domin waɗannan su ne abin tsoron da ka tambaya, su da zubar jini da ɗa ya daina motsi. Ta ce babu ko ɗaya. Fitsarinta ƙalau. Na kwantar da ita ta gefen hagu rabin awa, na sake aunawa, ya sauka. Sai ta ajiye mini takardar a kan tebur ta ce, "Yaya, ashe ba dutse ne ya faɗo masa ba." Ba ta yi kuka ba. Na so a ce ta yi.

Na yi mata bayanin da na yi maka. Ta ce, "Ni kike wa bayani? Ai ni na san inda na kwana."

Daga nan na riƙa auna ta duk bayan kwana biyu. Sau biyu marar ta ɗaure mata ta saki, na ce ba ita ba ce, naƙudar gaskiya ba ta lafawa don an huta, ƙaruwa take tana matsowa kusa da kusa. Talata da hantsi ta zo da ƙafarta, maƙwabciyarta mai shago riƙe da jaka. Ciwon yana zuwa duk minti biyar, daga baya ya zagayo gaba, bakin mahaifa ya buɗe santimita huɗu. Na sa ta yi ta zagaya baranda tana dafa bango. Bayan azahar faya ta fashe, ruwan fari tas. Da ciwon ya kai maƙura ta damƙe wuyan rigata ta ce, "Ki rubuta lokacin daidai, Yaya, har minti. Kin san gidanmu akwai mai bincike." Ungozomar da ke tare da ni ta yi dariya, ba ta san zancen ba. Ni ban yi ba.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin ta sauka. Mace ce, kilo uku da ɗigo ɗaya, ta fito da kukanta. Mabiyiya ta biyo lafiya, jini bai wuce misali ba. Yarinyar ta kama nono. Ƙafafunta kuwa zaƙo-zaƙo irin naka, ban ce komai ba, kada a ce ina kawo shaida.

Na nemi gafararta ta yafe mini. Kai ban sani ba. Ga takardarta nan a ciki, a rufe ta ba ni.

Yayarka.

*

Maigida,

Ina gaisuwa. Mun sauka lafiya, Yaya ta gaya maka.

Ba zargin ne ya fi ci mini rai ba. Wanda ya daɗe shi kaɗai zuciya takan raya masa abubuwa, ni ma ta sha raya mini a kanka. Amma ni na tambaye ka, ka tuna, ka yi dariya ka rantse, na yarda. Kai kuwa ka tambayi kalanda, ka tambayi Yaya, ni da nake ɗauke da cikin ka bar ni sati biyar ina zaton ka mutu.

Ba na son amsa a takarda. Ban kuma ce in ka zo shi ke nan ba.

Matarka.

*

Zuwa gare ki,

Assalamu alaikum. Sannu, sannu da ƙoƙari. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya ta.

Kin ce ba kya son amsa a takarda, don haka wannan ba amsa ba ce. Abin da kika faɗa haka yake, ba ni da abin karewa. Zan zo in faɗa da bakina, a tsaye, ki yi hukuncin da kika ga dama.

Na je wurin shugaban aiki. Hutuna na bana kwana takwas ne suka rage. Na karɓi ranakun hutun mako na abokin aikina guda huɗu, zan biya shi in na dawo. Baba Allura ya tsaya mini aka ƙara uku. Goma sha biyar ke nan. Biyu za su tafi a hanyar zuwa, biyu a komowa. Na gaya wa Yaya ta share mini ɗakin bayan gidanta, can zan sauka sai kin aiko.

Abin da na iya tarawa ke nan, kwana goma sha ɗaya.

Mijinki.