Rodin da Abbaji Ya Bari a Kan Rufi

Mansehra

Ƙanena Zahur,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da na dame ka, na san aikin Karachi ba ya barin ka ka huta. Ya matarka, bhabi Nargis, da yara?

Na ji kana shirin dawowa gida, ka ɗora bene a kan rodin da Abbaji ya bari tsaye a kan rufinmu. Na yi kukan murna. Shekara ashirin ke nan ina shanya barkono a gindinsu. Ka tuna yadda yake shafa musu mai kafin damina, yana kifa musu kwalabe a kai don kada su yi tsatsa?

Sai dai kada ka sayi siminti tukuna.

Yayarka, Shagufta

*

Karachi

Baji,

Wa alaikumus salam. Kada na sayi siminti? Malamar allo ta koma injiniya ke nan! Abbaji magini ne, ba zai tsayar da rodi ba tare da ya yi harsashin hawa biyu ba. Ke da yaranki ku riƙe ƙasa. Nargis ta ce ko sama, ko ta zauna a Karachi, kin san halinta. Ki tanadar mini shayi mai gishiri irin na Ammi.

Zahur

*

Mansehra

Zahur,

Bayan gaisuwa. Na kwana uku ina istihara kafin na ɗauki alƙalami.

Abbaji bai iya rubutu ba, ni na rubuta masa lissafin ƙarfen. Yana tsugune a bakin ramin harsashin yana auna ƙasa da taku, yana faɗa ina rubutawa. Kowane ginshiƙi rodi huɗu ne, sirara, masu kaurin sutar uku a awon magina. Hawa biyu kuwa sai rodi shida, masu kaurin sutar huɗu. Na ce, "Abbaji, to na kan rufin fa?" Ya ce, "Rubuta abin da na ce, sarkin tambaya. Ƙarfen bai isa ba. Amma idan ƙanenki ya ga rodi a sama, zai san yana da wuri a gidan nan."

Ya yi niyyar ƙarfafa harsashin daga baya, ajali ya riga shi. Ni kuma na yi shiru, don ina son ka dawo. Allah ya yafe mini. Ka san yadda ƙasarmu take girgiza; ba zan bari 'ya'yanka su kwana a sama, nawa a ƙasa, a kan rodi huɗu ba.

Akwai ɗakin Ammi, da nawa mai tagar gabas, ku zo ku zauna a ciki. Ni da yara za mu koma na baya. Na san ba bene ba ne. Ka karanta wa bhabi wasiƙar nan yadda take, kada ka rage komai.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Shagufta