Fuskar da Ka Aiko Mini

Kajiji, ranar Litinin.

Zuwa ga maigidana, Malam Saminu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da mutanen gida da ɗalibanka na Bodinga. Ni ma da sauƙi, jinin ya tsaya.

Na ajiye waya na ɗauki biro ne saboda takarda ba a amsa ta da ɗan yatsa ɗaya. Ranar Alhamis ina tsakiyar yi wa yara rigakafi a asibiti marata ta murɗa. Kafin azahar cikin ya zube. Wata huɗu, bayan shekara shida muna roƙon Allah. Ramatu abokiyar aikina ce ta riƙe ni, ita ta wanke zanena. Daga nan na rubuta maka saƙo a waya. Amsarka ta shigo kafin in ajiye wayar: Σ(°△°)

Na zauna ina jiran sauran maganar. Ramatu ta ce ƙila sabis ne ya ɗauke. Har magariba sabis cike yake.

Ban manta ba, lokacin da kake nemana kai ka koya mini waɗannan fuskoki na mutanen Japan: baka biyu kumatu ne, ƙananan da'irori idanu, na tsakiya baki buɗe don mamaki. A lokacin dariya suke ba ni. Amma shekaranjiya, a dandalin 'yan uwa na waya, ƙanenka Husaini ya ce farashin albasa ya faɗi a kasuwa, ka aika masa wannan fuskar dai, ba ƙari ba ragi. Na daɗe ina duba su biyun, ta albasa da ta ɗanmu. Ban ga bambanci ba.

An ba ni hutun mako biyu. Gobe zan tafi Dingyadi gidan Baba.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta sa ni a addu'a.

Matarka,
Ummulkhairi

Dingyadi, ranar Lahadi.

Zuwa ga Malam,

Ina gaisuwa, da fatan ka koma gida lafiya jiya. Baba da su Gwaggo sun gode da lemon da ka kawo.

Na ji abin da ka faɗa wa Baba a zaure, domin ina bayan zana. Ka ce labarin ya daki zuciyarka, ka rubuta ka goge har sau biyar, ka rasa kalma, sai ka tura abin da yatsanka ya saba. Na yarda, ban taɓa saninka da ƙarya ba. Sai dai tsohuwar da ke sharar asibitinmu ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ta zauna a bakin gadona ta ce sannu, ta ce Allah ya mayar da alheri. Wannan ba ya buƙatar digiri. Kuma babur ɗinka da mai a ciki. Kwana tara ka ɗauka kafin ka tayar da shi.

Da aka kira ni na shigo, kanka a sunkuye yake kan wayar, ka tashi da sauri ka cusa ta a aljihu. Na so ka tambaye ni ko namiji ne ko mace. Ba ka tambaya ba. Namiji ne. A zuciyata na sa masa Muhammadu, sunan mahaifinka.

Baba ya ce in koma ɗakina, kuma zan koma, ba don na huce ba. Idan hutuna ya ƙare Kajiji zan wuce tukuna. Na cire manhajar saƙo daga wayata. Duk abin da kake da shi, ka zo ka faɗa ina kallonka.

Allah ya ba mu haƙuri.

Matarka,
Ummulkhairi