Ki Ce Ba Ki San Ni Ba, Anjila

Zuwa ga Anjila, sanyin idona, hasken safiyata, furen da ya tsiro a bakin gonar rake ya hana ni ganin sauran duniya. Ke da muryarki ta fi mini ruwan farko bayan dogon fari, ke da nake gane takunki tun kafin ki ɓullo daga bayan bishiyoyin mangwaron gidanku! Gaisuwa daga mai zuciyar da ta kasa zama wuri ɗaya.

Da ƙyar nake miki wannan rubutu. Ni da nake wuni da adda a cikin rake ban san gajiya ba, yau biro ya fi ƙarfina. Tsoro nake ji, Anjila, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba ko lokacin da guguwa ta yaye rufin ɗakinmu. An ce an kulle ki a ɗaki, an ce kin daina cin abinci. Kina ci kuwa? Kina barci? Akwai wanda yake zama kusa da ke? Tsohuwa Fulmati mai sayar da taba ta yi mini alkawari za ta naɗe takardar nan cikin ganyen tabar da take kai wa mahaifinki, ta san yadda za ta yi ta iso hannunki.

Kin tuna ranar da kika fara kula ni? Muna yanka a gonar mahaifinki ta bakin layin jirgin rake, rana ta take, kika zo da ƙunshin roti, gurasar nan taku mai haɗin yalo, a ka, mayafinki ruwan ɗorawa yana kaɗawa a tsakanin ganyen rake. Kowa kika miƙa masa nasa, nawa kika ajiye a ƙarshe, ashe kin cika shi da barkono har ya fi yalon yawa. Kika tsaya kina kallona, kika ce, “An ce ku mutanen ƙauye rogo kuke ci ba gishiri. To bari mu gani ko kana da baki.” Na cinye shi tas, hawaye na zuba, abokan yanka suna ta birgima don dariya. Sai kika miƙo mini gorar ruwanki, taki ta kanki wadda ba kya bai wa kowa, kika ce, “Sha, jarumi, kada a ce ’yar Shiu Narayan ta kashe ma’aikacin babanta da tsakar rana.” Wayyo, wannan ruwan! Tun daga ranar ban ƙara cin roti ban tuna da ke ba. Da magana ta yi nisa tsakaninmu, abu ɗaya kika roƙe ni: in yi shiru har a aurar da yayarki Sarojni, daga nan ke da kanki za ki san ta inda za ki ɓullo wa mahaifinki.

Na rantse miki da Allah ban aiko kowa ba. Mahaifiyata kaɗai na faɗa wa, ita kuwa labari mai daɗi ba ya kwana a cikinta. Ta kai wa Baffa Isikeli, shi kuma ya ga abin kunya ne a ce ɗan gidansu yana son ’yar mutane a ɓoye kamar ɓarawon kaji. Ina gona ban sani ba, ya tara dattawa, suka sha ɗamara, suka ɗauko tambuwar zuriyarmu, haƙorin ƙaton kifin teku da ba a fito da shi sai za a nemi babban abu. Da suka hango rumfar kwano a ƙofar gidanku da motoci da jama’a, murna ce ta kama su. A wurinmu, yawan shaidu shi ne girmamawa. Ina za su san ranar ce dangin mijin da Sarojni za ta aura suka zo sa rana?

Ke kina ciki kina soya fanke, ban san me aka faɗa miki ba, don haka bari ki ji yadda abin ya faru. Baffa ya durƙusa gaban mahaifinki, ya ɗaga tambuwar da igiyarta, ya yi dogon jawabi da yarenmu, wanda mahaifinki ba ya ji. Mahaifinki, mutumin kirki da bai taɓa mayar da hannun baƙo ba, ya zaci maƙwabta ne suka kawo gudummawar biki. Ya sa hannu biyu ya karɓa, har ya kai ta goshinsa. Nan take dattawanmu suka tafa, suka yi kirarin godiya, domin a wurinmu wanda ya karɓi tambuwa ya gama magana, ya ba da abin da aka roƙa. Sai kawun ango, direban bas ɗin nan da ke jin yarenmu, ya miƙe ya fassara wa kowa da ƙarfi cewa Shiu Narayan ya bai wa mai yankan rakensa ƙaramar ’yarsa, kuma an ce yarinyar ta daɗe da amincewa. Dangin ango suka tashi suka bar shayinsu yana tururi.

Na zaci na iya yarenku, Anjila. A cikinku na tashi. Na iya ciniki da shi, na iya kiran shanu, na iya zagin da ke sa direban tarakta ya tsaya, na iya roƙon ƙarin miya. Ashe akwai maganganun da ba a taɓa yi a gabana ba, sai a makon nan na koye su, a kasuwar Tavua, ina tsugune gaban tsohuwa Fulmati tana murɗa igiyar taba.

Tana ganina ta ce, “Zauna nan, ja’iri. Yau za ka yi makarantar da ka gudu ka bari. Kun yanke wa Shiu hanci, ka san da haka? Mutum yana iya fita ba riga, yana iya fita ba takalmi. Amma ba hanci? Da me zai rufe wurin? Ko wurin ibada bai je ba, ko kanti yaro yake aika.” Na ce, “Kaka, girmama shi suka je yi.” Ta ce, “Girmamawar gidanku! Kun tuɓe masa rawani kun jefa a titi. Ka ce bai taɓa naɗa rawani ba? Ko ubansa bai naɗa ba, amma kowa ya ga ya faɗi. Mutuncin da kakarsa ta tara tun tana yankan raken Bature da goyo a baya, kun kwaɓa shi da ƙasa kafin shayi ya huce.” Haka ta yi ta jero mini su tana tofar da yawu, ni kuwa kowace kalma ina jin ta kamar an ɗora mini damin rake. Ta ce gwaggwanninki suna cewa kin shafa wa fuskar gidan baƙi, ba sabulun da zai wanke. Ke, Anjila? Fuskar da nake rufe ido in gani in sami ƙarfin gama layin rake? Na so in tashi in yi ihu a tsakiyar kasuwa.

Sai tsohuwar ta daina murɗa tabar, ta rage murya. Ta ce tana tsaye a bakin taga ta ji mahaifiyarki tana kuka tana ce miki, “Kin kashe auren yayarki. Je ki nemi ruwa cikin tafin hannu ki nutse a ciki, ko mu huta.” Na san magana ce kawai. Fulmati ta ce ita ma uwarta ta faɗa mata haka don ta ƙona shinkafa, ga ta nan har haƙoranta sun zube. Na san mahaifiyarki tana sonki, baƙin ciki ne ya yi magana da bakinta. Amma na kuma san Kusma, ’yar mai tarakta ta hayin kogi, wadda aka faɗa wa irin wannan magana bara saboda an gan ta a bayan babur ɗin wani. Da safe ta share tsakar gida, ta ba kaji tsaba, ta gaishe da kowa. Kafin azahar aka same ta a rumbun taki ta sha maganin feshi, ba ta kai asibiti ba. Ni na saro itacen da aka ƙona gawarta da shi bisa al’adarku, Anjila, da addar nan tawa, na kuma ji uwarta tana birgima a ƙasa tana cewa ba haka take nufi ba.

Tun da Fulmati ta faɗa mini, ko hayaƙi na hango ta wajen gidanku sai in bar aiki in tsura wa wurin ido. In na ga mota ta fito daga hanyarku da gudu, sai in yar da adda in bi ta da kallo har ta ɓace. Jiya shugaban yanka ya kore ni daga layi don na kusa sare ƙafar abokina. Ya rabin raina, ya inuwata a tsakiyar rana, me zan yi da duniyar da ba kya cikinta? Wa zan nuna wa faɗuwar rana a kan teku? Ina roƙonki da girman duk abin da kike bauta wa, kada ki zauna ke kaɗai. Ki kwana kusa da Sarojni ko da ba ta yi miki magana. Ki ci abinci ko loma ɗaya ce.

Ga abin da na yanke, kuma kada ki ce a’a kafin ki karanta har ƙarshe. Mahaifinki ba zai iya mayar da tambuwar ba, don yin haka mari ne a fuskar ƙauyenmu duka, ƙasar da yake noma kuma tamu ce yake haya. Ba zai iya riƙe ta ba, don riƙe ta na nufin abin da direban bas ya faɗa gaskiya ne. Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce laifin ya zama na mutum ɗaya. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci zan durƙusa gaban dattawanmu in ce ƙarya na yi wa mahaifiyata, ba ki taɓa yi mini alkawari ba, ba ki ma san ina yi ba, ni ne na ga ’yar maigida na ƙaga labari don a ce ni ma wani ne. Al’adarmu za ta tilasta wa Baffa ya ɗauko wata tambuwar ya kawo ta ban haƙuri, ya karɓi ta farkon, a gaban mutanen da aka kunyata mahaifinki a gabansu. Fulmati ta je wurin uwar ango, ta ce za su zo su ji, kuma in suka gamsu za a sa ranar Sarojni. Da na gaya wa tsohuwar shawarata sai ta ce, “In hancin Shiu ya koma, naka ne zai tafi, ka sani ko? To da sauƙi, naka faffaɗa ne, ko an yanke rabi zai ishe ka numfashi.” Ta yi dariya, amma na ga ta goge ido da bakin mayafi.

Na san abin da zai biyo baya. Baffa ba zai ƙara kiran sunana ba. Yara za su yi mini waƙa a hanyar rafi, mahaifiyata za ta daina zama a layin gaba a coci. Zan bar yankan rake in tafi ramin zinariya na Vatukoula, inda ba mai tambayar mutum labarinsa. Duk wannan na auna shi, bai kai nauyin itace ɗaya daga cikin waɗanda na saro wa Kusma ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu ke ce. Na san taurin kanki, na san ba kya iya jin ana zagin wani a kan ƙarya ki yi shiru. Ranar ban haƙurin za su fito da ke gaban jama’a, kawun ango zai nuna ni ya tambaye ki ko akwai wata magana tsakaninmu. Anjila, farin cikina, ki ce babu. Ki ce ba ki san ni ba sai a matsayin mai yankan raken babanki. Ki faɗa da ƙarfi yadda na bayan rumfa za su ji. In kin ga dama ki haɗa da tsaki, ki kira ni mahaukaci, ba zan riƙe ki da komai ba. In kika tausaya mini kika faɗi gaskiya, kin mayar da kanki cikin ɗakin nan da maganar nan, ni kuma ba ni da wata dabarar da ta rage.

Ba na ce ki jira ni ba, ba ni da bakin roƙon haka. Watakila in Sarojni ta tare, ta haihu, zukata suka yi sanyi, wata rana a sami hanya. Watakila kuma ba za a samu ba. Ni dai ba zan kai tambuwa ƙofar wata mace ba muddin ina numfashi, wannan alkawari ne tsakanina da Mahaliccina. Ki tsufa, Anjila. Ki yi furfura, ki yi faɗa da jikoki, ko da ba nawa ba ne, in dai ina jin labari daga nesa cewa kina nan.

Ranar zan kasance a durƙushe a bayan Baffa, kaina a sunkuye. Kada ki kalli inda nake. Ki kalli mahaifinki, ki faɗi abin da na roƙe ki, ki koma ciki ki ci abinci.

Naki shi kaɗai, yau da gobe da ranar da za ki ce ba ki san shi ba,

Sakiusa