Ƙoran Goggo da Katin da Babu Suna

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda 'ya ke yi wa uwar da ta riƙe ta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Wata tara ke nan da rasuwarki a Miga, amma har yau in abin dariya ya faru a wurin aiki, sai na ɗauko waya zan kira ki sannan nake tunawa.

Na rubuto ne in ba ki labarin ƙoranki goma sha biyu, in kuma kawo ƙarar kaina kafin wani ya riga ni.

Kin tuna ranar da na ce tarihin zane da aikin hannu zan karanta a jami'a? Baffa ya ce da aikin asibiti ne da ya gane. Ke kina gaban garwashi, wuƙar zanenki a wuta, ƙwarya a cinya, ko kai ba ki ɗago ba. Kika ce, "Ku bar ta. Wanda zai zauna shekara huɗu yana kallon aikin hannun mutane ai ba ɗan banza ba ne." A nan maganar ta mutu.

Bayan bautar ƙasa na yi shekara biyu babu aiki, ina zana wa makarantun yara bango a Takur, giwa da ayaba da agogo. Na nuna miki hoto a waya, kika ce giwata ta fi kama da tunkiyar da ciki ya kumbura. Na yi fushi, na koma na duba, wallahi gaskiyarki.

Da na samu shiga wani ƙaramin gidan tarihi a nan Dutse, goge gilashi da rubuta katin bayani aka fara ba ni. A nan abin ya soma cin raina. Takobi da sunan mai shi, riga da sunan wanda ya saka ta, amma in aka zo kan aikin mata sai ki ga an rubuta: "Ƙwaryar nono. Ba a san wanda ya yi ba." Haba! Kamar daga sama ta faɗo da zanenta. Na shiga hawa babur ina bin ƙauyukan Kafin Hausa, gida gida, ina tambayar wace ce ta zana wannan, wace ce ta saƙa wancan faifan. Har suna aka sa mini a ofis, wai Hajiya Wa-ya-yi.

Ranar da aka ce ni zan shirya baje kolin ƙoran mata, nawa na farko, gida na nufa. Na tarar ciwo ya riga ya kwantar da ke. Kika sa aka sauko da goma sha biyu daga jerenki, kika ce, "Ɗauki, Boɗɗo, amma kada ki rubuta sunana a bango. Sunan da mijina bai taɓa kira ba har ya koma ga Allah, shi za ki manna kowane mai wucewa ya karanta?"

Na yi ta surutu, na kawo miki duk abin da aka koya mana a aji. Kika juya fuska bango. Na yi alkawari ina zumɓura baki. Ba ki kai ranar buɗewa ba.

Ga laifina na farko. Shugabanmu ya ce tunda kin rasu in rubuta kawai, ni da nake damunsu da maganar suna. Baffa ma ya ce babu komai. Na zauna na buga sunanki, sunan da ban taɓa furtawa ba, na fitar da katin. Mako guda yana cikin jakata. Ina ta gaya wa kaina ai don a girmama ki ne. Da safiyar buɗewa na ɗauko shi, sai na ji kunya kamar kina tsaye a bayana. Na yaga shi, na maƙala wancan rubutun da na tsana da hannuna. Kuma na ji haushinki, Goggo. Kina kabari ina jin haushinki, Allah Ya yafe mini.

Laifi na biyu ya fi ban dariya. Kafin a jera kaya, ƙa'ida ce a duba kowanne a rubuta lafiyarsa a littafi. Na sa safar hannu, na juya ƙoranki ɗaya bayan ɗaya, na rubuta: "Lahani: ɗigon ƙuna uku a gindi, wataƙila garwashi ne ya faɗo." Sau goma sha biyu na rubuta haka, ban ji komai a raina ba! Sai na yi musu gammo masu kyau, na zaunar da su don kada baƙi su ga tabon.

Kwana uku da buɗewa, wata tsohuwa mai sayar da nono a bakin ƙofarmu ta shigo shan inuwa. Ta zaga a hankali, ta tsaya gaban akwatin gilashinki, ta daɗe. Ta ce in ɗaga mata ɗaya. Na ce ba a taɓawa. Ta yi mini irin kallon da kike yi mini in na faɗi shirme. Na buɗe, na ɗaga.

Tana ganin gindin ta kama baki, ta ce, "Ta Miga ce! Tana nan da rai?"

Da na gaya mata, ta zauna a ƙasa ta yi salati, ta share hawaye da bakin zane. Ita ta yi mini karatun da jami'a ba ta yi mini ba. Ta ce duk mai nono a wannan yanki in za ta sayi ƙwarya sai ta kifa ta tukuna. In ta ga ɗigo uku, ba ta ƙwanƙwasawa don jin ko da tsaga, ɗauka kawai take yi. Ta ce mahaifiyarki biyu take sawa, ke kika ƙara ɗaya.

Goggo, a gabana kike sa su. Shekara nawa ina hura miki garwashi, ban taɓa tambaya ba. Kin barni ina ta ihun suna, ke kuwa kin daɗe da sa hannu a inda masu aiki da kayanki ke dubawa.

A ranar na kwashe gammon, na kife su duka. Na ɗauko littafin na soke "lahani" sau goma sha biyu. Sabon katin cewa ya yi: "Mai wannan aiki ta sa hannu a gindin kowace ƙwarya. Wanda ya san ta zai gane ta."

Tsohuwar ta kai labari. Yanzu masu nono kan shigo bibbiyu, uku-uku, su sauke kayansu a ƙofa, su tsaya gaban gilashin su yi miki addu'a. Har yau babu wadda ta kira sunanki a cikinsu. Ni ma ban kira ba.

Na gode da kika tsaya mini na yi wannan karatu, na gode da kika hana ni abin da na so. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, Ya haɗa mu a Aljanna.

Wassalam.

Taki har kullum,
Boɗɗo