Hannuna ya fara rawa a kan marasa lafiya, kuma ina tsoron a sani a wurin aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan gidan nan da muke haɗuwa a masallaci. Ku taimaka min da shawara, kwana uku kawai ya rage min.

Ni ma'aikacin agajin gaggawa ne, shekarata shida a Jidda ina aiki a motar ambulan ta wani kamfani, su ne kafilina, wato masu tsaya min a ƙasar nan, iƙamata ta izinin zama da ta matata da yaranmu biyu duk a kansu take. Na ga abubuwa da yawa a aikin nan, ba wanda ya taɓa bina gida sai na wata huɗu da suka wuce.

Da azahar aka kira mu hatsari a hanyar Makka, ƙaramar mota ce ta daki bayan tirela. Muka ciro wata dattijuwa da ranta, 'yarta kuwa ta riga ta cika. A cikin mota ina ƙoƙarin tsayar mata da jini, ban san lokacin da na ce "sannu Mama" da Hausa ba. Sai ta buɗe ido ta damƙe min hannu ta ce, "Ɗan nan, ashe namu ne. Ina Zulai?" Na ce mata Zulai tana motar baya, lafiyarta ƙalau. Ta yi hamdala, ta ce in gaya mata ta rufe kanta akwai maza. Ba mu kai asibiti ba ta rasu, hannuna yana cikin nata.

Tun ranar ban koma daidai ba, in na ji jiniya gabana sai ya faɗi, abinci ba ya shiga, yara suna wasa sai in daka musu tsawa. Ranar da na raka matata kasuwar Bab Makka sayen yadi na hango atamfa irin zanin matar nan, sai ganina na yi zaune a bakin wani shago ana yayyafa min ruwa. Matata ta ce aljanu ne, a yi ruƙiyya, aka yi. Ta gaya wa yayanta, ya kira ni ya ce rashin tawakkali ne, namiji bai kamata ya riƙa irin wannan raki ba, har muka yi sa-in-sa. Addu'a kam wallahi ina yi.

Kamfaninmu yana da likitar da ke sauraron irin wannan damuwa, an manna takarda a bango wai komai sirri ne. Amma ofishinta yana kallon na mudir, wato shugabanmu, duk wanda ya shiga an gan shi. Bara wani abokin aikinmu ya shiga, ba a yi wata ba aka sauke shi daga mota aka mayar da shi sito yana jera kwalaye. In ya wuce sai a nuna kai da yatsa ana dariya, majnun ake ce masa, wato mahaukaci, ni ma na yi dariyar, Allah ya yafe min. Da kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba.

Ranar Talata aka kira mu wani gida a unguwar Safa, zuciyar wani dattijo ta tsaya. Na durƙusa zan danna masa ƙirji, hannuna ya kama rawa, na kasa komai, 'ya'yansa suna kallona. Abokin tafiyata, haifaffen unguwar Ammariyya ne a nan Jidda, ya ture ni ya karɓa, Allah ya sa mutumin ya farfaɗo. Da muka fito ya ce, "Halas ya akhi, ya isa haka ɗan'uwa, sau biyu ke nan ina rufa maka asiri. Ranar Lahadi ko ka shiga wurin likitar da ƙafarka, ko ni in shiga wurin mudir." Na ce cin amana zai yi min, ya ce da dattijon ya mutu wa zai amsa a gaban Allah. Na ce zan nemi likita a waje a ɓoye, ya ce kafin in warke wa zai riƙa danna ƙirjin mutane.

In na shiga, ina tsoron a sallame ni in kwaso iyalina mu koma gida ana cewa na taɓu. In na yi shiru, ina tsoron ranar da ba wanda zai ture ni ya karɓa. 'Yan uwa, musamman masu aikin asibiti a ƙasar nan, akwai wanda ya taɓa shiga irin ofishin nan ya fito da aikinsa? Don Allah ya zan yi kafin Lahadi?