Keken Yaya Bala

Assalamu alaikum Kawu,

Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Kwamba sai godiya.

Maganar Yaya Bala ce. Albashin koyar da kwamfuta a kwalejinsu ba ya kai shi tsakiyar wata, sai ya karɓi keken haya yana ja da yamma. To, ɗalibansa sun gano. Shi kuma wai abin kunya ne malami ya karɓi kuɗin ɗalibi. Yanzu har jiransa suke a bakin titi! Jiya huɗu ya sauke a gabana, suna ta "Mun gode, Malam." Na ce, "Yaya, godiyar za ka zuba a tanki?" Ya ce me na sani, ni da na koyi karatu a tsofaffin jaridu. Na yarda, amma ina ganin matarsa tana karkaɗe buhun masara don abinci ya ƙare.

Kawu, bakina ya gaji. Kai yake jin maganarka, ka kira shi kafin mai keken ya karɓe abinsa. A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ɗanka,
Nura